Ranar da Silin Ya Rufta Kan Faya-fayan Abba

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo kuna cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa, ku yi haƙuri, aiki ne ya riƙe ni. Wanda yau ya fara karantawa: Abba tsohon injiniyan sauti ne na gidan rediyo, kwanansa huɗu a asibiti an yi masa aikin ido. Yau da safe bututun tanki ya fashe a saman ɗakin da yake ajiye faya-fayan kiɗan jaz da ya shekara arba'in yana tarawa. Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, take ba da labarin.

*

Da kafaɗa Yaya Lauya ya buɗe ƙofar. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, mukullin da Umma ta miƙa masa ma bai yi wani amfani ba.

Ruwa ya kwararo ya wanke mana ƙafafu.

Rabin silin yana ƙasa. Kujerar Abba ta zama tabki. Garmahon da yake lulluɓewa da farin ƙyalle yana can ƙarƙashin ɓaraguzai, hannun allurar kawai ake hangowa.

Yaya ya tsaya yana ƙare wa ɓarnar kallo. Shi ne babbanmu.

"Ƙarfe nawa za a sallamo shi?" ya tambaya.

"Sha biyu," na ce.

"Likita ya ce kada a tayar masa da hankali."

"Na sani, Yaya. Amma tsaya ka ji..."

Bai tsaya ba. Ya naɗe ƙafar wando ya kutsa cikin ruwan, ya nufi kabad na farko cikin guda huɗun da suke jere a bango. Ya ja ƙofar.

Wayam.

Ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku. Ya sa hannu yana shafa kantocin kamar faifai zai iya ɓuya a jikin katako.

Ya juyo a hankali. Fuskar da yake yi wa masu ba da shaida a kotu, ita ya yi min.

"Auta."

"Na'am."

"Ina suke?"

"Abin da nake son gaya maka ke nan tun..."

"Dillalin nan ne ko?"

Na yi turus. Sau biyu wani dillalin kayan da ya zo gidanmu yana son kwashe faya-fayan gaba ɗaya, sau biyu Abba yana raka shi bakin get da sanda a hannu.

"Na gan ku ranar Talata," Yaya ya ce. "Ke da shi a ƙofar gida. Na yi shiru ne don na ɗauka kin fi ƙarfin haka."

"Cewa na yi kada ya sake dawowa."

"Mutum yana kwance an rufe masa ido, ki kwashe masa abin da ya fi so a duniya? Ko mu da ya haifa ba ya bari mu taɓa su."

"Yaya, ka gama?"

"Ban gama ba. Wa ya ba ki mukulli?"

"Ni na ba ta."

Umma ce. Tana tsaye a bayanmu riƙe da tsintsiya da bokiti, ta ɗaure zani sama kaɗan saboda ruwan.

Yaya ya kalli mukullin da yake hannunsa, sai yanzu ya tuna daga inda ya fito. Na Abba yana wuyansa a igiya, da shi ya tafi asibiti.

"Umma, wannan kuma daga ina?"

"Gidan da na shekara talatin da takwas ina sharewa, a ce akwai ɗakin da ba ni da mukullinsa? Kai ma dai, Lauya. Fito daga ruwan nan kafin sanyi ya kama ka. Biyo ni."

Muka bi ta har ɗakinta a ƙarshen baranda. Ta tura ƙofar da ƙafa.

Kwalaye ne tun daga bakin gado har jikin taga. An shimfiɗa katakai a ƙasa an ɗora su a kai, ko ɗaya bai taɓa siminti ba. A cikin kowanne faya-fayai ne a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, ba a kwantar da ko guda ba. Na rubuta lambar kabad da ta kanta a jikin kowane kwali da jan biro.

Yaya ya dafa bango.

Sai kuma ya zauna a ƙasa daɓas, da jiƙaƙƙen wandonsa.

"Alhamdulillahi," ya ce. Ya sake faɗa sau biyu.

"Kwana uku ina kwana da mutanen nan masu busa ƙaho," in ji Umma. "Ko hanyar zuwa wajen kayana babu. Jiya da ɗankwalin shekaranjiya na fita."

Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe kuka yi wannan aikin?"

"Ranar da aka kwantar da Abba. Da yamma muka fara, washegari muka ƙarasa."

"Ku biyu?"

"Mu biyu. Umma tana jerawa, ina ɗauka."

"Amma ya aka yi kika san zai rufto?"

Na so in yi shiru. Umma ba ta bari ba.

"Gaya masa."

"Sati uku da suka wuce na ga tabon ruwa a silin, kamar faɗin faranti. Na kira ka na ce a turo mai gyaran famfo."

Ya runtse ido.

"Ka ce gobe," na ce. "Na sake kira, ka ce kana kotu. Na nemo wani da kaina, Abba ya ce babu baƙon da zai hau masa saman ɗaki sai wanda ka sani. Ranar da za a tafi asibiti na leƙa, tabon ya kai girman tabarma."

"Ni ne ke nan," ya ce a hankali.

"Ban ce kai ne ba."

"Ba sai kin ce ba. Na shigo ina tuhumarki, ashe mai laifin ne yake tambaya." Ya shafa kansa. "Ki yafe min, Auta. Maganar dillalin nan, ban kyauta ba."

"Ya wuce, Yaya. Amma ba duka muka fitar ba."

Ya miƙe zaune.

"Kwalaye suka ƙare mana. Layin ƙasa na kabad na huɗu yana ciki. Arba'in da uku. Yau na yi niyyar kwaso su."

Muka koma ɗakin tare. Wani ƙaton ɓangaren silin ya fasa saman kabad ɗin ya danne layin. Yaya ya ɗaga, na riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya ina miƙa wa Umma. Rigunansu na kwali sun jiƙe sharkaf, hotunan jiki suna bin yatsuna. Faifan da bai fashe ba, ruwa ba ya kashe shi in an wanke an shanya a inuwa. Amma akwai tsofaffin nan masu nauyi, waɗanda ko faɗuwa daga kan kujera ba sa jurewa.

Tara sun tafi. Wasu gida biyu, wasu gida uku.

Yaya ya riƙe ɓari biyu yana gwada haɗa su.

"Waɗannan ya fi ji da su," ya ce. "Ina yaro in ya sa wannan, ko tari ba a yi a gidan."

"Kiɗan yana nan."

"Kamar yaya yana nan?"

Na kalli Umma. Ta ɗaga kafaɗa, alamar tunda an fara a ƙarasa.

"Wata bakwai ke nan ina kwafe su. A ɗakin karatun da nake aiki akwai na'urar da muke juye tsofaffin kaset da faifai zuwa kwamfuta. Na roƙi ogata, ta ce in yi amfani da ita lokacin hutun rana. Kullum in Abba ya fita tattakinsa na safe, sai Umma ta buɗe min in ɗauki biyar. In wanke su, in kwafe, in ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Washegari in mayar in ɗauki wasu. Da layin ƙasan nan na fara, don su suka fi tsufa."

"Wata bakwai."

"E."

"A gidan nan. Ban sani ba."

"Da ka sani da Malam ya sani kafin la'asar," in ji Umma. "Bakinka ba ya riƙe magana in ubanka ya kalle ka."

Yaya ya yi dariya, ta farko tun safe. Ya duba agogo.

"To ku ji. Zan ɗauko shi. Mu rufe ɗakin nan, mu ce masa mukulli ya maƙale. Kafin a cire masa bandeji an gyara silin, an mayar da komai. Ba sai ya sani ba."

"Gwada," Umma ta ce, ta ci gaba da sharar ruwanta.

*

Sha biyu da rabi suka iso. Yaya yana riƙe da hannunsa. Idon dama a rufe da bandeji, na hagun kuma dama inuwa kawai yake gani da shi.

"Sannu da zuwa, Abba. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Auta."

Taku uku ya yi a falo ya tsaya. Ya ɗaga hanci.

"Warin jiƙaƙƙen kwali nake ji."



"Lauya."

"Na'am, Abba."

"Tun a mota kake min labarin cunkoson hanya, kai da ba ka hira in kana tuƙi. Me ya faru a ɗakina?"

Yaya ya kalle ni. Ya kalli Umma. Ko minti ɗaya shirin nasa bai yi ba.

"Silin ne ya rufta, Abba. Laifina ne, an gaya min ban turo mai gyara ba."

Na ga hannun Abba ya matse kan sandarsa. Na yi sauri na durƙusa a gabansa kafin jininsa ya hau.

"Abba, faya-fayanka suna nan lafiya. Suna ɗakin Umma, a bushe. Tun kafin ruwan muka kwashe su."

"Duka?"

"Ban da arba'in da uku. Talatin da huɗu za su wanku. Tara sun fashe."

Ya lalubi kujera, Yaya ya zaunar da shi. Ya yi ajiyar zuciya doguwa, ya jingina kansa.

"Layin ƙasa na kabad na huɗu," ya ce.

"E, Abba."

"To ai da su kika fara. Suna cikin kwamfutarki."

Na ɗago kai. Na kalli Umma, ta girgiza kai da sauri.

"Kada ki kalli uwarki, ba ita ta gaya min ba," ya ce, kamar yana ganinmu. "Ido ne ya tafi, Auta, ba hannu ba. Ke in kin mayar da faifai, bakin rigar takardar da ake zura shi a ciki waje yake kallo. Ni sama nake juya shi saboda ƙura. Shekara arba'in haka nake yi. Kuma na san irin na'urar da take wajen aikinki."



"Sannan akwai wani faifai da ya shekara yana min ƙas-ƙas a waƙa ta biyu. Ranar nan na ɗora shi, na ji shi tas. Na ce ko dai kunnena ne ya warke, ko kuma akwai ɓarawon da yake wanke kayan sata ya dawo da su."

Yaya ya toshe baki. Umma ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Tun yaushe ka sani, Abba?"

"Tun satin farko."

"Amma ba ka ce komai ba."

"Da na yi magana da kin daina. Kuma da sai na yi faɗa, tunda ni na kafa dokar." Ya gyara zama. "Shekara biyar ina son in sa wani ya yi min aikin nan. Girman kai ya hana. Me kike tsammani ya sa na ƙara wa tattakina rabin awa? Gwiwata ma sai da ta yi ƙorafi."

Hawaye suka zubo min, ina dariya a lokaci guda.

"Bar kukan, amsa min tambaya. Waje nawa kika ajiye?"

"Uku. Ɗaya a kwamfutata. Ɗaya a wata 'yar ma'ajiya da na kulle a durowar ofis. Na uku na ɗora a intanet, ni da Umma kaɗai muka san lambar sirrin."

"Uwarki?"

"Na rubuta a bayan katin asibitina," in ji Umma. "Abin da ba na mantawa da shi ke nan."

"Duk wanda kika kwafa kin saurare shi daga farko har ƙarshe?"

"Kowanne. Wanda allura ta yi tsalle na sake shi."

"Saura nawa?"

"Ɗari da sha ɗaya cikin ɗari takwas da sittin."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi da in yaran aikinsa sun kawo masa abin da bai samu gyara a ciki ba.

"Sa min ɗaya daga cikin taran nan. Mai jan tambari."

Na ciro wayata, na haɗa ta da lasifikar falo. Aka fara jin sautin allura tana bin faifai. Fiyano ya shigo a hankali kamar mai tsoron tashin wani daga barci, sai ƙahon ya biyo baya.

Abba bai motsa ba. Yatsansa ɗaya ne kawai yake bugun gwiwarsa. Ɓarin faifan suna can baranda a cikin roba, amma ga shi yana kiɗa a falonmu.

Umma, wadda kullum take cewa kiɗan nan ba shi da kai ba shi da gindi, ta zauna a hannun kujera har ya ƙare.

"Kin bar ƙarar allurar," ya ce.

"Na'urar tana iya gogewa. Na ƙi."

"Da kin goge da na ce a asibiti aka musanya min ke." Ya miƙo hannu ya lalubi kaina ya dafa. "Allah Ya yi miki albarka. Kai ma Lauya, tashi daga tsugunon nan, ina jin numfashinka. Silin ne, ana yin wani. Ka turo mai gyaran yau, ba gobe ba."

"Yana hanya, Abba."

Umma ta kawo shayi. Muka sha, Abba yana ba mu labarin ma'aikaciyar jinyar da ta hana shi sauraron rediyo, Yaya yana lissafa masu aikin silin da ya sani. Rabon da in ji falonmu da daɗi haka har na manta.

Abba ya ajiye kofinsa.

"Akwatin ƙarfen fa, a wane kwali kuka sa shi?"

"Wane akwati, Abba?"

Fuskarsa ta canza.

"A ƙasan kabad na uku. Katakon ƙasan yana ɗagawa. Ba ki gan shi ba?"

"Ban ma san yana ɗagawa ba."

"Lauya, je ka."

Yaya ya fita da gudu. Muka ji yana jan katako, ruwa yana fantsama.

"Me ke ciki, Abba?"

"Faya-fayai ne guda bakwai. Ni na ɗauki sautin na yanka su da hannuna a situdiyo, ina saurayi. Ba a taɓa buga su an sayar ba, babu irinsu ko'ina. Kuma ba nawa ba ne, Auta. Amana ce. Shekara ashirin da biyu ban iya buɗe akwatin nan ba."

Yaya ya dawo ɗauke da wani ɗan akwatin ƙarfe mai tsatsa, ruwa yana ɗiga daga gindinsa. Ya ajiye a kan tebur. Daga yadda ya ɗauko shi da hannu ɗaya na san akwai magana.

Ya ɓalle murfin.

Wani tsohon ƙyalle ne a ninke. Ban da shi babu komai.

"Sun jiƙe?" Abba ya tambaya. "Ku gaya min gaskiya. Sun jiƙe?"



"Ba su jiƙe ba, Malam," in ji Umma. Ba ta ɗago daga kofin da take juyawa a hannunta ba. "Ba sa gidan nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na mayar wa mai su."

Abba ya juyo da fuskarsa inda muryarta take.

"Mai su ya rasu. Ke ma kin sani."

Umma ta ajiye kofin a hankali.

"Haka dai aka gaya maka."